Benen 'Yar Goni

A shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, duk wanda ya nufo Balan ta hanyar Gaya, abin da yake fara hangowa bayan kukoki shi ne wani dogon bene na jar ƙasa, a tsaye shi kaɗai a gefen gari ta gabas. Baƙo yakan zaci gidan dagaci ne. To ba na dagaci ba ne. Na wani magini ne ana ce da shi Badaru, kuma ba don kansa ya gina shi ba.

Badaru gadon gini ya yi, amma abin da ya tarar a hannun mahaifinsa ginin ƙauye ne: ɗaki, rumbu, katanga, sai zaure in an sami mai hali. Bene a Birnin Kano ya koyo shi, lokacin da En'e ta tara magina daga gundumomi don wani aiki, ya faɗa hannun wani dattijo cikin mutanen Sarkin Magina. Ya dawo gida da hannu mai kyau da kuma keke, ya zama duk aikin da ya taso a Gaya, na gidan hakimi ne ko na barikin Bature, sai an aiko a kira shi. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa kaɗan, tafin hannunsa da kaushi kamar dutsen niƙa.

Matarsa Zara 'yar Goni Kashim ce na Gafasa, daga Barebarin nan da kakanninsu suka sauka a ƙasar Ajingi tun ba a san Bature ba, suna noma da damina, suna fataucin kanwa da rani. Bai taɓa kiran ta da sunanta ba, 'Yar Goni yake cewa. Sun haihu da yawa, Allah ya karɓi abinsa ya bar musu mace ɗaya, Fanta, wadda aka yi wa aure a Toranke. Tun da aka kai Fanta gidan ya rage su biyu, kuma a lokacin ne fukar da Zara ke fama da ita tun tana budurwa ta taso mata haiƙan.

Bazara ce abokiyar gabarta. In zafi ya sauka, iska ta ɗauke, hayaƙin murhun maƙwabta ya kwanta a tsakar gida, sai ka ga Zara durƙushe a bakin ƙofa ta dafe ƙasa da hannu biyu, ƙirjinta na fito kamar sarewa. An sha rubutu, an sha sassaƙe, an karɓo ruwan kwalba a ɗakin shan magani na Gaya. Turaren wuta, wanda 'yar Barebari ba ta rabuwa da shi, ta haƙura da shi har ta bayar da kaskonta. Badaru yakan zauna kusa da ita da mafici har hannunsa ya sage, don ba abin da ya iya yi mata bayan wannan.

Wata rana da yamma yana gyaran rufin zaurensa, ta kawo masa ruwa gindin tsani, numfashinta sama-sama. Shi kuwa a can bisa wata iska mai sanyi ce ke kaɗa masa riga. Ya duba hanya ba kowa, ya ce ta hawo. Ta yi gardama, ta ce me mutane za su ce, matar aure a kan soro sai ka ce akuya. Ya matsa mata, ta hau, ta rakuɓe a bayan zanko inda ba mai ganin ta. Can ya ji fiton nan na ƙirjinta ya lafa.

Ta ce, "Ashe iskar tana nan, Maigida. Mu ne ba ma inda take."

Kafin sati ya zagayo ya je gaban dagaci, domin talaka ba ya ɗaga gini sama da na mai gari haka kawai. Da dagaci ya ji dalili ya yarda, ya kafa sharaɗi ɗaya, ban da tagar da za ta leƙa gidan wani. Dattawan da ke zaune suka tuna masa cewa gidansa ne na ƙarshe ta gabas, daga shi sai gonaki, nan ne bakin hadari, kuma iskar farkon damina ba ta san magini ba. Badaru bai musa ba, don shi ma abin da ke cin ransa ke nan. Dattijon da ya koya masa bene yakan ce ruwa ɓarawo ne, a hankali yake cin gini, amma iska 'yar dambe ce, kai take nema, kuma duk yadda ka ƙara tsawo haka take ƙara ƙarfi.

Saboda haka ya yi ginin kamar mai shirin karɓar naushi. Tushen ya yi shi da kauri, har babban mutum zai kwanta a kan bangon a gicciye, sannan ya riƙa tsuke shi a hankali yana hawa. Bai bar kusurwa mai kaifi ba, duk ya murje su, don kada iska ta sami wurin kamawa. Ya juya wa gabas baya, ya kai ƙofa da matakala yamma, cikin gida. A ɗakin sama ya huda 'yan tagogi sirara a sama da tsayin mutum, kowace tana kallon 'yar'uwarta a ɗaya bangon, yadda in iska ta shigo za ta sami mafita ba sai ta tsaya kokawa ba. Taga ɗaya kawai ya yi babba, ta kudu, mai kallon gonaki da hanyar Gaya. Azara kuwa da kansa ya je ya zaɓo ta tsohuwar giginya, ya jera ta bai matse bakinta cikin bango ba, ya bar mata wurin numfashi. Kowane layin tubali sai ya bushe ƙarau yake ɗora wani, shi ya sa rani ɗaya bai ishe shi ba. Aikin En'e da safe, nasa da yamma, Zara na zaune a inuwa tana masa tsiya, wai kafin ya gama ta tsufa ta kasa hawa.

Ba ta tsufa ba ta hau. Ta kai gadonta da tulun ruwa da kayan ɗinkin hularta, don ta iya hular zanna irin ta gidansu. A bazarar nan aka ga abin mamaki, Zara ta yi ƙiba, dariyarta ta dawo, har ta koma sauka da safe ta yi girki ta gama kafin zafi, ta haye abinta. Daga babbar taga takan hango kekensa tun yana nesa, kafin ya iso ta dama fura. Matan unguwa suka mai da ɗakin wurin hira, kowace ta hawo tana haki tana salati, ta leƙa ta ga shanun Fulani kamar tumaki.

Hadarin farko da ya same su a ciki, Badaru na gida. Bayan la'asar ne, gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, kaji suka shige akurki. Ya hau ya zauna tare da ita. Da iskar ta iso, 'yan tagogin suka ɗauki wani irin gunji mai kauri, azara ta fara ƙara ƙas-ƙas a saman kansu, ruwan da ke cikin ƙwarya a ƙasa ya riƙa rawa shi kaɗai. Zara ta zabura ta kama hannunsa, ta ce ginin motsi yake yi.

Ya ce, "Motsi yake. Kawo hannunki."

Ya ɗora tafinta a jikin bango, ya dafe da nasa. Ta ji ƙasar na karkarwa a hankali, kamar fatar doki in ƙuda ya sauka. Ya gaya mata cewa iskar tana tura shi ta gaba, tana kuma jan sa ta baya, ginin da ya ƙi ba ta komai shi take kayarwa, wannan kuwa yana ba ta kaɗan ya karɓe. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin iska ta karya giginya. Ta ce ita dai ba giginya ta aura ba, kuma ba a cikinta take kwana ba. Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba, sannan ya gyara fuska.

"'Yar Goni, in ta zo ba na nan, kada ki sauko. Ki zauna jikin bangon gabas, nan ya fi kauri. Duk kukan da zai yi, ki bar shi ya yi. Tsakar gida ce abin tsoro, ba nan ba."

Ta ce ta ji. Aka yi damina lafiya, aka yi wata, benen ko zanko bai zubar ba.

A tsakanin nan abokinsa na ƙuruciya, Gwadabe, ya sami buɗi. Ya zama mai saya wa wani kamfanin Turawa gyaɗa, ya ga yana bukatar wurin tara buhuna, sai ya sayi fili a tsallaken hanya, gabas da gidan Badaru kaɗan. Badaru ne ya tayar masa da bangon, amma rufin Gwadabe ya ce na zamani yake so. Aka kawo kwanon rufi a mota har Gaya, jakuna suka ƙaraso da shi, wani kafinta ya zo daga Wudil ya buga. Shi ne rufin kwano na farko a Balan. Yara suka yi ta zuwa kallo, in rana ta doke shi sai an kare ido. Badaru ya zagaya shi ya ƙwanƙwasa, ya yaba, har ya ce wa Gwadabe wannan ya huta da yaɓen rufi. Shi ƙasa ya sani da azara. Yadda iska ke shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi, bai taɓa gani ba, ba kuma wanda ya taɓa gani a garin.

A hunturun da ya biyo baya Goni Kashim ya rasu, kuma bayan takaba mahaifiyar Zara, Ya Kellu, ta zo Balan ta ɗan huta wajen 'yarta. Tsohuwa ce doguwa, siririya, mai faɗa da son mutane. Aka gyara mata ɗaki a ƙasa. Benen kuwa tun ranar farko ta ce ba ruwanta da shi, ɗan Adam ba shamuwa ba ne da zai yi sheƙa a sama. Zara ke saukowa wurinta su yi hira cikin Barbarci, Badaru na jin su daga zaure ba ya gane komai sai dariyar.

Ranar da abin ya faru, Badaru na Gaya, ana ɗaga katangar barikin Bature. Tun hantsi garin ya yi tsit, ganye ba ya motsi, gumi na zuba ko mutum na zaune. Yana kan bango bayan azahar ya ɗaga kai ya ga gabas. Ya sha ganin hadari, amma bai taɓa ganin irin wannan ba, ja wur daga ƙasa har sama, yana birgima kamar ana naɗe tabarma. Ya ce wa leburori su sauka. Da ƙyar suka kai zauren bariki iskar ta rufe su. Suna ciki suna jin jinka na wucewa ta samansu, wata tsohuwar ɗorawa a bakin hanya ta tuge da saiwarta, rana ta ɓace kamar magariba ta yi. Mutane na ta kabbara, shi kuwa yana tsugune ya haɗa kai da gwiwa, yana bin benen nan a zuciyarsa tubali bayan tubali, yana tambayar kansa ko akwai layin da ya ɗora bai gama bushewa ba.

Da ruwa ya sauka iskar ta karye. Bai jira ya ɗauke ba ya ja kekensa. Hanyar ta cika da rassa da rufin ɗakunan mutane, inda keke ya ƙi sai ya tura, inda turawa ta ƙi sai ya saɓa shi a kafaɗa. A ƙauyukan da ya ratsa ya ga rumbuna a kife, mata na tsince hatsi cikin laka. Da ya zo kukokin nan na bakin Balan sai ya kasa ɗaga kai, ya yi ta tafiya yana kallon tayar keke. Can dai ya daure ya duba.

Benen na nan. Ruwa ya wanke shi ya yi ja, zankayensa cif, hasken yamma na dukan sa. Badaru ya saki keken ya faɗi, ya durƙusa a cikin laka ya kai goshinsa ƙasa yana godiya ga Allah. Ya tashi yana share fuska, yana murmushi shi kaɗai, yana shirya tsiyar da zai yi wa Ya Kellu a kan sheƙar shamuwa.

Sai da ya matso ya ga mutane a ƙofar gidansa. Ya ɗauka kallon benen suka zo. Ya yi sallama da ƙarfi, aka amsa ƙasa-ƙasa, ba wanda ya dube shi. A gefen hanya ya ga Gwadabe zaune dirshan cikin ruwa, ba hula, a bayansa ɗakin gyaɗa a buɗe, ba ko falle ɗaya na kwano a kansa. Liman ne ya taso ya kama hannunsa, ya ja shi cikin zaure, ya zaunar da shi, ya ce ya yi haƙuri, Allah ya yi wa Zara rasuwa.

Abin da maƙwabta suka sani kaɗan ne. Da iska ta lafa sun ji kukan tsohuwa, suka shiga suka tarar da Zara kwance a tsakar gida, tsakanin gindin matakala da ɗakin uwarta. Falle ɗaya na kwanon Gwadabe ya tsallako katanga ya same ta a wuya. Ya Kellu na zaune ta ɗora kanta a cinya, ta toshe wurin da mayafinta. Kafin ruwa ya ɗauke rai ya yi halinsa. Aka yi mata sutura aka kai ta kafin duhu, Badaru na biye da makara da lakar sujadar nan a goshinsa, ba wanda ya iya ce masa ya goge.

Fanta ta iso washegari, 'yan'uwan Zara suka zo daga Gafasa. Aka zauna karɓar gaisuwa. Badaru bai yi kuka ba, yana amsa addu'a yana shafawa, amma abu ɗaya ke juyawa a ransa: ta sauko. Ya gaya mata kada ta sauko, ta ce ta ji, ga shi ta sauko. Ashe duk shekarun nan tsoron ginin take ji tana ɓoye masa don kada ransa ya ɓaci. Ashe abin da ya ɗauka ya yi mata na alheri, kurkuku ya yi mata a sama, ranar da ta sami kanta ba ya nan ta gudu daga ciki. Ya so ya tambayi Ya Kellu, amma tsohuwar tun ranar ba ta ƙara magana ba, tana ɗaki ta juya wa ƙofa baya, abinci sai Fanta ta yi da gaske take taɓawa.

Masu gaisuwa kuma ba su san suna ƙara masa ba. Mutum zai yi ta'aziyya da gaske, in ya fita sai ya tsaya ya ɗaga kai, ya ce wa na kusa da shi a hankali, kai, wannan gini, garin nan kaf ba inda iska ba ta taɓa ba sai shi. Har hakimi ya aiko bafade da gaisuwa, bafaden ya gama ya ƙara da cewa in an kwana biyu hakimi na son a yi masa irinsa. Badaru ya ce Allah ya kai mu.

Bayan an watse ya hau. Ya bi bangon da tafin hannu, ciki da waje, yana neman tsaga ko guda, don da ya samu da ya ce ga abin da ta gani ta gudu. Babu. Ko ɓarɓashin ƙasa bai zubo daga rufi ba. Hular da take ɗinki na kan gado, allura a soke, tabarma biyu a shimfiɗe jikin bangon gabas. Ya tsaya ya dubi tabarmin nan, bai gane me ya sa suka zama biyu ba, ya sauko ya ja ƙofar.

Gwadabe kullum sai ya zo ya zauna a bakin zaure, ba ya shiga. Ya rame, ya daina zuwa kasuwa. Wata rana Badaru ya fito ya zauna kusa da shi a dakali, suka daɗe, sannan ya ce masa ya tashi ya je ya nemi abincin iyalinsa, kwanon nan tare suka yaba shi, in akwai laifi to na su biyu ne, kuma kwana ne ya ƙare. Gwadabe ya rufe fuska da babbar riga, kafaɗunsa na rawa.

Da aka yi sadakar arba'in, Ya Kellu ta aiko Fanta ta ce tana son komawa Gafasa. 'Ya'yanta maza sun ce za su aiko a ɗauke ta, amma ta ce a'a, Badaru take so ya kai ta. Ya ɗaura wa jaki akumari, ya ɗora ta, suka kama hanyar Ajingi da sassafe. Gero ya kai gwiwa, ko'ina kore, manoma na ɗaga musu hannu daga gonaki. Suka yi ta tafiya har rana ta take. A gindin wata tsamiya ta ce ya sauke ta ta huta. Ya shimfiɗa mata buzu, ya koma gefe ya tsuguna kamar yadda suruki ke yi.

Ta ce, "Matso, Badaru. Abin da zan faɗa ba na ɗaga murya ba ne."

Ya matso. Ta ce ranar nan zafi ya tayar wa Zara da ciwon tun safe, ta kasa saukowa, shi ne ita ta daure ta hau, karo na farko, ta kai mata kunu ta zauna tana mata fifita. Suna nan hadari ya taso. Da iskar ta bugo, ɗakin ya ɗauki kuka, ta ji ƙasa na rawa a ƙarƙashinta, sai hankalinta ya gushe. Zara ta jawo tabarma ta shimfiɗa mata jikin bango, ta riƙe ta.

"Ta ce da ni, Iya, ki zauna, haka yake yi. Ya gaya mini haka yake yi, ba zai faɗi ba. Har hannuna ta kama ta ɗora a bango, wai in ji. Tana dariya, Badaru. Ni kuwa na fizge, na ce ba zan mutu a sama kamar tsuntsu ba. Na bi matakala. Tana kira na, ki dawo, Iya, ya ce tsakar gida ce abin tsoro. Ban juya ba."

Tsohuwar ta murza bakin zanenta. Ta ce tana kaiwa tsakiyar gida iska ta kayar da ita, ta kasa tashi. Sai ji ta yi an rungumo ta ta baya ana jan ta. Daga nan ta ji ƙara kamar an tsaga sama, hannun da ke riƙe da ita ya saki.

"Ba gininka ta guda ba. Ni ta biyo. Na ga yadda kake kallon benen nan, na san abin da kake zato, na kasa buɗe baki. Ka yafe mini, ɗana. Ni na kashe maka ita."

Badaru ya tashi ya zagaya bayan tsamiyar, ya dafa ta da hannu biyu, kukan da bai yi ba tun ranar ya zo masa gaba ɗaya, irin na babban mutum, mai fita da ƙyar kamar ana tuge shi. Shi kansa bai san ko sauƙi ya ji ko ƙari ba. Zara ta yarda da shi har ƙarshe, kuma ga shi ya yi kwana arba'in yana zargin ta a zuci, tana kabari.

Da ya dawo ya durƙusa gaban tsohuwar, ya ce, "Iya, ba ke ba ce. Da ke ce a sama ita a ƙasa, da kin bi ta. Ba abin da zan yafe, amma in kina so in faɗa, na yafe duniya da lahira."

Ta ɗora hannu a kansa, ta yi masa addu'a da Barbarci, doguwa, bai ji ko kalma ɗaya ba. Sannan ya ɗora ta a jaki suka ci gaba, suka shiga Gafasa da la'asar.

Aikin hakimi bai yiwu a ƙi shi ba, ya je ya yi, benen ya yi kyau, aka ba shi riga. Ɗakin gyaɗar Gwadabe ma shi ya rufe shi da azara da ƙasa kafin kaka. Amma bai ƙara kwana a sama ba, ya dawo da shimfiɗarsa zaure, kuma duk wanda ya kawo masa maganar aure sai ya ce a bar shi tukuna, har aka gaji aka bari. Fanta ta so ya koma Toranke kusa da ita, ya ce wa zai bar wa gidan.

Abin da ya ɗora wa kansa shi ne zuwa Gafasa. Duk wata sai ya hau keke ya je, da goro da 'yar daddawa a ƙulle, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Ya Kellu ya gaishe ta. Idonta ya zo ya mutu, ƙafa ta ƙi, amma da ta ji ƙarar keke a waje sai ta ce a shimfiɗa buzu. Ba sa maganar ranar nan. Takan ba shi labarin Zara tana yarinya, yadda ta taɓa bin ayarin kanwa a ɓoye har sai da aka yi zango aka gan ta cikin kaya, yadda Goni ya rasa yadda zai yi ya dake ta don dariya. Badaru bai san waɗannan ba. Yakan zauna ya saurara, in ta gama ya ce ta ƙara wani, in ta maimaita wanda ta riga ta faɗa ba ya gaya mata. Haka suka yi har shekarar da ta rasu, yana cikin waɗanda suka sa ta a kabari.